Finjali Uku, Baki Uku: Yadda Ake Ɗanɗana Shayin Buzaye da Abin da Ake Ci da Shi

Ina ɗan shekara goma sha shida aka fara miƙo min shayin Buzaye, a ƙofar gidan maƙwabcinmu a Kano. Wani dattijo ne mutumin Abzin yake gadin gidan, mu dai Baba muke ce masa. Na karɓi finjalin na ɗaga kai na juye shi baki ɗaya, kamar mai shan maganin shawara. Baba ya dube ni ta saman rawaninsa ya ce, "Yaro, tun la'asar nake kan wutar nan. Ka ba shi ko da minti uku mana." Sai ya sake zuba min, ya ɓantaro wani busasshen abu fari daga cikin tsumma ya ce in tsoma in tauna kafin in kurɓa. Cuku ne. Shayin da na ji kamar maɗaci ɗazu, sai ga shi ya kwanta a bakina, har da wani garɗi a ƙarshensa. Buta ɗaya ce, ganye ɗaya ne, abin da na ci ne kawai ya sauya shi.

Tun daga ranar nake bin wannan abu, kuma abin da na gane shi ne: sau uku ake dafa ganye ɗaya a sha a jere, amma finjali na farko da na biyu da na uku ba abin sha ɗaya ba ne. Kowane da halinsa, kowane da abin da yake so a ci da shi. Mutane da yawa suna ɗaukar faranti guda na gyaɗa su ajiye tun daga farko har ƙarshe. Ba laifi ba ne, amma ana barin daɗi mai yawa a ƙasa.

Mu fara da ganyen, don in ganye ya lalace babu gwanin da zai gyara shi. Wannan shayi ba irin na mai shayin bakin titi ba ne, wanda ake haɗawa da madara da burodi da ƙwai. Wancan baƙin shayi ne, irin wanda ake nomawa a Kenya ko a Kakara da ke tsaunin Mambila a Jihar Taraba. Bishiyar ɗaya ce, amma baƙin ana barin ganyensa ya sha iska har ya rine bayan an murje shi, shi kuwa koren ana gasa shi da wuri don kada ya rine. Wanda Buzaye suke dafawa kore ne, daga ƙasar Sin yake zuwa. Ta Maroko ya bi ya shigo hamada, kuma masana tarihi sukan danganta yaɗuwarsa da tsakiyar ƙarni na 19, lokacin yaƙin Kirimiya na 1853 zuwa 1856, da 'yan kasuwar Ingila suka karkato da kayansu zuwa tashoshin ruwan Maroko. Daga can ayarin raƙuma suka yi ta gangarowa da shi kudu.

In ka duba kwalin za ka ga lamba. 3505 shi ne wanda aka mulmula ƙanana-ƙanana kamar harsashin bindigar toka, ya fi ƙanshin hayaƙi da nauyi a baki. 41022 da 4011 da 9371 kuwa siraran ganye ne masu ɗan lanƙwasa kamar gira, sun fi kaifi, kuma su ne aka fi gani a hannun masu dafawa a wajenmu. Ni 41022 nake saye in na samu. Kafin ka biya, in mai kanti ya yarda, zuba kaɗan a tafin hannunka. Ganye mai kyau yana da ɗan sheƙi, launinsa kore mai duhu da ya ɗan yi toka-toka, ba ya farfashewa ya zama gari da ka taɓa shi. Hura masa numfashi sau biyu ka kai hanci. Ya kamata ka ji ƙanshin busasshiyar ciyawar kaka da ɗan hayaƙi. In ka ji warin ruma, ko ƙanshin sabulu saboda an jera shi kusa da omo a kanti, ajiye musu kayansu. Ganyen shayi yana zuƙar duk warin da ke kusa da shi, don haka a gida ma ka sa shi cikin gwangwani mai murfi, nesa da daddawa da kananzir.

Ruwa kuma kada ya zama mai zartsi. Na sha ganin an zargi ganye alhali rijiyar ce mai laifi. In ruwan unguwarku yana barin wani farin abu a gindin tukunya, nemi wani.

Dahuwar ba ita ce maganata ta yau ba, amma dole in faɗi yadda nake yi don mu san shayi ɗaya muke magana a kai. Ƙaramar buta, garwashin gawayi da ya gama hayaƙi ya yi ja, finjali ɗaya na ganye, finjali biyar na ruwa. Nakan fara ɗauraye ganyen da ɗan ruwan zafi in zubar, don ƙura ta fita. Sai in bar shi ya yi ta ɓararraka a hankali kamar minti goma sha biyar, ba wuta mai ƙarfi ba. Sukari kusan finjali ɗaya, sannan a shiga juyi: daga buta zuwa finjali, daga finjali zuwa buta, ana ɗaga hannu sama har kumfa ta taru. Na biyu a ƙara ruwa a kan ganyen nan dai, a sa na'ana'a da sukari. Na uku a sake ƙara ruwa, wasu su jefa kanumfari ko ɗan citta. Buzaye suna da karin maganarsu a kan ukun nan, na ji ta iri-iri a bakin mutane daban-daban, amma wadda Baba yake faɗi ita ce: na farko ɗaci kamar mutuwa, na biyu sauƙi kamar rayuwa, na uku zaƙi kamar ƙauna.

To, an miƙo maka na farko. Kada ka kai baki tukuna.

Riƙe finjalin da yatsu biyu, babban yatsa a gindi, manuni a leɓe, don tsakiyarsa akwai zafi. Ɗaga shi wajen haske, ko fitila ce ko hasken yamma. Na farko mai kyau launinsa kamar zuma mai duhu, kuma haske yana ratsa shi. In ya yi baƙi ƙirin ka kasa ganin komai ta cikinsa, an ƙona shi ko ruwan ya tsotse da yawa. In ya yi gurɓi-gurɓi da gari yana yawo, ba a ɗauraye ganyen ba. Dubi kumfar: ta zama ƙanana-ƙanana a matse, kaurin yatsa guda, ta zauna ko bayan ka sha rabi. Kumfa mai manyan ido da ke fashewa nan da nan alama ce an yi gaggawar juyi. Kuma juyin nan ba ado ba ne kawai, shi ke narkar da sukarin daidai, ya rage zafin har baki ya iya ɗauka.

Sai hanci. Kawo finjalin ƙarƙashin hancinka, bakinka a ɗan buɗe, ka shaƙa gajere-gajere sau biyu ko uku. Abin da nake nema shi ne hayaƙi mai daɗi, ƙanshin ciyawa, da wani abu kamar sukarin da ya fara ƙonewa a gefen tukunya. Ka bambance hayaƙi da ƙauri. Hayaƙin ganyen na asali yana da taushi, ƙauri kuwa yana sukar hanci, kuma yana nufin gindin butar ya kama ko an ɗora ta a kan gawayin da bai gama kamawa ba.

Yanzu kurɓa, kaɗan, tare da iska, ko da za a ji ƙarar zuƙar. A zaman shayi wannan ba rashin ladabi ba ne. Bar shi ya zagaya bakin, ya taɓa dasashi da ganɗa, ka ƙirga zuwa biyar sannan ka haɗiye, ka fitar da numfashi ta hanci. Ƙanshin da zai taso maka ta baya a wannan lokacin ya fi wanda ka shaƙa da farko.

A nan nake so ka tsaya, domin duk maganar abin da za a ci a kan wannan ta ginu. Akwai ɗaci, akwai bauri, kuma mutane suna cakuɗa su. Ɗaci ɗanɗano ne, harshe ke jin sa, irin na shuwaka. Bauri kuwa ba ɗanɗano ba ne, taɓawa ce: shi ne yadda bakinka yake bushewa ya takure, harshe ya riƙa kama ganɗa, kamar ka ciji ɗanyen kanya ko goro. Wasu sinadarai ne a cikin ganyen suke kama yawun bakinka, santsin ya tafi. Sukari yana rufe ɗaci, amma ba ya kawar da bauri gaba ɗaya, ko ka juye buhu. Abin da ke kwantar da bauri shi ne maiƙo da nama da abin da aka yi da nono, domin sinadaran nan sai su kama su a maimakon su kama yawunka. Sirrin cukun Baba ke nan. Bayan ka haɗiye, ka saurari bakinka na ɗan lokaci. Shayi mai kyau ɗacinsa yana wucewa da sauri ya bar garɗi da ɗan zaƙi a maƙogwaro. Marar kyau yana barin maƙaƙi da ba ya tafiya sai ka sha ruwa.

Saboda haka na farko nama yake so, da gishiri, da maiƙo. Ban san abin da ya kai balangu mai ɗan kitse ba, wanda aka sauke yanzu yana naso a takarda. Ka ci yanka guda, kitsen ya lulluɓe bakin, ka kurɓi shayin: baurin ya wanke maiƙon tas, maiƙon ya kashe kaifin shayin, sai ka ji kana son wani yankan kamar ba ka fara ba. Da ruwan sanyi ka bi naman, da kitsen ya daskare maka a ganɗa. Shi ya sa bayan Babbar Sallah, lokacin da soyayyen nama ya ginshi kowa a gida, buta ba ta sauka daga wuta a wajena.

Kilishi ma abokinsa ne, amma da sharaɗi. In na je unguwar Agadasawa a Kano nakan ce a ba ni mai ƙuli, wanda aka tsoma a labu sosai, ba jan nan mai barkono da yawa ba. Gyaɗar da ke cikin labun tana haɗuwa da hayaƙin ganyen su zama abu ɗaya. Barkono kuwa da zafin shayi in suka haɗu, wuta biyu ce a baki ɗaya, ba za ka ji komai ba sai raɗaɗi. Haka tsire: ka karkaɗe yajin kaɗan, ka bar albasar sai ka gama shayin, don ɗanyar albasa tana danne ƙanshin gaba ɗaya.

Cuku kuwa, in ka samu, kada ka bari ya wuce ka. Matan Buzaye da na Fulani ne suke yin sa a Nijar, musamman yankin Tawa da Abalak, da nonon da aka daskarar aka baza shi siriri a kan ɗan asabari aka shanya, shi ya sa za ka ga layi-layi a jikinsa. Busasshen yana da tauri, cizonsa haka nan wahala ne. Ɓantari kamar faɗin yatsu biyu, tsoma rabinsa a cikin finjalin ka ƙirga goma, ka ciro. Gefen zai yi laushi ya sha zaƙi, tsakiyar na nan da ɗan ƙarfinta da ƙanshin nono. Wasu sukan ɗan gasa shi a gefen garwashi har ya fara kumbura ya yi ɗige-ɗigen ja, wannan ma ya yi, har ya fi ƙanshi.

Na biyu shi ne wanda na fi so, kuma shi ne aka fi yi wa rashin adalci, don lokacin hira ta yi nisa, ba mai lura da abin da ke hannunsa. Launinsa ya sauko ya zama kamar man gyaɗa mai kyau, baurin ya ragu da kusan rabi, na'ana'a ta hau sama. Shaƙa shi ka ji yadda sanyin na'ana'ar yake zuwa kafin ɗumin ganyen. Idan na'ana'ar ta dahu da yawa takan yi wani wari kamar dafaffen ganyen miya, shi ya sa nake sa ta a ƙarshe, ta yi minti biyu kawai. Wannan finjalin ba shi da ƙarfin ɗaukar kitse, balangu zai danne shi. Abin da yake so shi ne busasshen abu mai garɗi: gyaɗa marau-marau mai ɗan gishiri, ƙuli-ƙuli siriri mai ƙaras-ƙaras, soyayyiyar aya, ko kantun riɗi wanda bai cika sukari ba. Gwada wannan ka gani: tauna gyaɗa uku, kada ka haɗiye duka, ka kurɓi shayin a kansu. Gishirin zai fito da zaƙin, na'ana'ar ta bi ta kan garɗin gyaɗar.

Dabino ma a nan yake shiga, amma busasshe, irin mai ƙarfi da ake kawowa daga hamada wanda sai ka ɗan yi fama kafin ka raba shi da ƙwallonsa. Zaƙinsa a hankali yake fita, ba ya gaba da shayin. Mai laushin nan da ke naɗe a leda, irin tsarabar Makka, zaƙinsa ya yi yawa a nan, ka ajiye shi don buɗa baki.

Wannan ya kawo ni kan kayan zaƙinmu na biki, inda na taɓa yin kuskuren da ya koya min abu. Bayan bikin ƙanwata an kawo gara, gida ya cika da alkaki da dubulan da nakiya. Na tara abokai na dafa shayi yadda na saba, da cikakken sukari, na jera alkaki a faranti. Kafin a kai na uku kowa ya ajiye finjalinsa da saura. Alkakin da ya sha zuma ya cika baki da zaƙi, shayin da ya biyo baya sai ya zama kamar ruwan ɗumi mai ɗaci, zaƙinsa ya ɓace, ƙanshinsa ma ba a ji. In abin da kake ci ya fi abin da kake sha zaƙi, abin shan ne yake faɗuwa. Washegari na sake dafawa, na rage sukarin na biyu zuwa cokali ɗaya kacal a butar gaba ɗaya, na bar ɗacin ya tsaya da ƙafarsa. A nan alkakin ya samu abokin zama: shi ya kawo zaƙin, shayin ya kawo abin da ke yanke shi. Don haka in kayan gara za ka ci, ka yanke shawara tun kafin ka zuba sukari a buta.

Na uku ba na cin komai da shi. Ruwan ya yi fari-fari kamar ruwan zuma da aka tsinka, ganyen ya ba da duk abin da yake da shi, saura zaƙi da ƙanshin kanumfari. Shi kansa shi ne kayan zaƙin. Shi ake ba yara da tsofaffin da ba sa son mai ƙarfi. In dole sai ka tauna wani abu, gutsuren gurasa marar yaji ya isa.

Akwai abubuwan da na gwada na daina. Goro da na farko, bauri ne a kan bauri, bakinka zai bushe kamar ka tauna auduga, ga shi kuma dukansu suna hana barci. Soyayyen kifi yana sa shayin ya fito da ƙarni da wani ɗanɗano kamar ka lashi ƙarfe. Lemo da abarba da duk wani abu mai tsami suna ƙara wa baurin kaifi. Fura da nono kuwa ka bar tazara tsakaninsu, kowane sarki ne a garinsa.

Wata magana da ba zan tsallake ba ita ce ta lafiya, don na ga abin da ido. Na farko a kan cikin da babu komai yana tayar da zuciya, wani har jiri yake ji da rawar hannu. Da azumi kada ka buɗe baki da shi, ka ci abinci tukuna, ka bar shi sai bayan tarawihi, in kuma kana son barcin kirki kafin sahur, tsallake na farkon ka jira na biyu. Sinadaran baurin nan suna rage yadda jiki ke ɗaukar sinadarin ƙarfe daga abinci, musamman na wake da ganye, saboda haka mai juna biyu da mai ƙarancin jini su bar kamar awa guda ko fiye tsakanin cin abinci da shan shayi. Mai ciwon sukari kuma ya tuna cewa finjalin ƙarami ne amma sukarin da ke ciki ba kaɗan ba ne. Nakan zuba wa yayana nasa a gefe kafin in sa sukari a butar, ya sha da cuku, kuma bai taɓa cewa an rage shi da komai ba.

In kana son bakinka ya koyi wannan da kansa, ware yamma guda, ku biyu ko uku, kada ku fi haka. Ajiye ƙananan faranti uku: ɗaya kilishi, ɗaya gyaɗa, ɗaya busasshen dabino, da kofin ruwa ba mai sanyi ba. A kowane finjali, kurɓar farko ka yi ta babu komai a baki. Sannan ka ɗanɗana abu ɗaya ka kurɓa, ka kuskure baki da ruwa, ka koma na gaba. Finjalin ba ya wuce kurɓa huɗu ko biyar, don haka ka yi tattali. Ku faɗa wa juna abin da kuka ji da kalmomin da suka zo muku, ko da wani ya ce ya ji ƙanshin rumbu ne ko na ƙasar da aka yi wa ruwan farko. Ba lallai bakinku ya zo ɗaya ba. Wani abokina har yau ya fi son kilishi da na biyu, mun yi musu a kai ya fi sau goma, kuma in ya zo gidana nakan ajiye masa nasa sai an sauke na biyun.

Idan an gama, kada ka yi saurin zubar da ganyen. Buɗe butar ka ciro kaɗan ka baza a tafin hannu. Ganye mai kyau zai warware ya koma faffaɗa, kore, har ka ga jijiyarsa da ɗan zarton gefensa. In ka tarar da itatuwa da ɓarɓashi kawai, ka san kwalin da ba za ka sake saye ba. Baba yakan juye nasa a murfin kwano ya miƙa mana, mu yaran da muka zauna har ƙarshe, mu tsotse sauran zaƙin da ya maƙale a jiki, shi kuma ya ɗauraye finjalan nan uku ya kife su a kan tire, ya rufe garwashin da toka saboda na asuba.